Idan aka kayar da mai jifa, laifin 'yan layi ne? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu da muke kallon ƙwallon Amurka daga gida, idonmu yana kan ƙwallo ne kawai, inda ta nufa nan muke bi. Tun wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta NFL, na watan Fabrairun 2025 muke gardama da abokan kallona. Eagles sun kayar da Mahomes, mai jifan Chiefs, sau 6, suka ci 40 da 22, kuma ko sau ɗaya ba su turo ƙarin mahara ba, mutum huɗun gaba kaɗai suka yi wannan aiki. Ni na ce layin Chiefs ne ya gaza, wasu suka ce Mahomes ne yake riƙe ƙwallo har a cim masa. Don Allah waɗanda suka taɓa bugawa, ko suke koyarwa, ko 'ya'yansu ke ciki, ta yaya kuke gane cewa mutum biyar ɗin nan na layi, masu tsayawa a gaban mai jifa, suna tsare shi yadda ya kamata?

Kawu na Houston

Wa alaikumus salam, ɗana. Ina garin nan lokacin da Texans suka fara wasa a 2002, kuma na shiga fili a wannan kakar. Tikitin da aljihuna ya iya ɗauka na can sama ne, bayan turakun raga, ashe nan ne wurin da ya fi kyau ga mai son ganin layi, domin kana ganin kowace kafa da ta buɗe tsakanin mutum da mutum.

An kayar da David Carr, mai jifan Texans, sau 76 a shekarar, har yau ba a kai wannan adadi ba. Ƙungiyar ta ɗauko Tony Boselli daga Jaguars domin ya tsare masa hagu, amma ciwon kafaɗa bai bar shi ya buga ko wasa ɗaya ba. A farkon kaka abin da na gani laifin layi ne ƙarara: yaron nan bai gama ja da baya ba an riga an iso shi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai na ga wani abu dabam, wanda har yau yake ba ni tausayi. Ko an tsare shi da kyau, idonsa ba ya kan masu cafewa, yana kan masu zuwa kansa. Sai ya bar wurin da yake lafiya lau ya ruga gefe, ya faɗa hannun wanda takul, wato ɗan layin da ke gefe, ya riga ya ture waje. A takarda duka biyun kayarwa ɗaya ake rubutawa, alhali na farko na layi ne, na biyu kuma tsoro ne da dukan baya ya shuka masa.

Ka kwatanta da Dan Marino, wanda a 1988 ya yi jifa sama da 600 aka kayar da shi sau 6 kacal. Layinsa na da kyau, amma saurin hannunsa ne ya fi yawa a cikin wannan lamba. Shi ya sa ni ban yarda da ƙirgen kayarwa shi kaɗai ba.

Tsohon Gad

Kawu ya faɗi gaskiya. Ni na buga gad na dama, wato ɗan layin da ke tsakanin na tsakiya da takul, a makarantar sakandare a Ohio, kuma abin da talabijin ba ta nunawa shi ne magana. Kafin santa, ɗan layin tsakiya, ya saki ƙwallo sai ya nuna lainbaka ɗaya da yatsa, wato mai tsaron da ke bayan layin abokan karawa, daga kansa ake fara lissafin wa zai ɗauki wa. Idan aka ce layi ya zame hagu, kowa ya ɗauki kafar da ke hagunsa, wanda ya rage a dama kuma na mai gudu da ƙwallo ne. Mutum ɗaya ya ji ba daidai ba, shi ke nan.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne musaya, wato na gabana ya kutsa waje ya bugi takul, na waje kuma ya kewayo ta bayansa ya shigo ta ciki. Dole in miƙa wa takul nawa, in karɓi nasa, cikin ƙiftawar ido. Akwai wasan da muka je filin wasu, ihu ya hana mu jin juna, takul ɗinmu sabo ne, bai saki mutuminsa ba, sai muka taru mu biyu a kan mutum ɗaya, ɗayan ya wuce ba wanda ya taɓa shi. Iyaye a kan benci suna kiran lambata domin ta gefena ya shigo. Washegari da koci ya sa faifan wasan, kowa ya ga inda abin ya lalace. Takul ɗin ma ba rago ba ne, bai saba da ni ba ne kawai.

Saboda haka, ƙanina, abu na farko da nake dubawa shi ne: an kayar da mutum ne da ƙarfi, ko kuwa wani ya shigo ba mai tare shi? Idan ka ga mahari ya iso ba wanda ya taɓa shi, matsalar fahimtar juna ce, wani lokaci ma mai jifa ne ya kamata ya san cewa wannan nasa ne, ya saki ƙwallo da wuri. Game da wasan da kuke gardama a kai: Joe Thuney gad ne, gwani ma kuwa, amma a ƙarshen kakar aka matsar da shi takul na hagu saboda ba a samu wanda ya zauna a gurbin ba, aka sa Mike Caliendo a inda ya bari. An toshe rami ɗaya an raunana gurbi biyu. Ka sake kallo ka ga yadda Josh Sweat yake tura Thuney baya har jikin Mahomes. A rabin farko ni na ba ka gaskiya. Abokanka suna da tasu daga baya, lokacin da Mahomes ya fara neman abin da babu.

Maman Sadiq

Ni kam ban san dokokin wasan nan duka ba, ɗana kawai nake kallo, takul na hagu ne a makarantarsu. Da yake shi kaɗai nake bi da ido, sai na koyi abin da masu bin ƙwallo ba sa gani. Idan ƙafarsa ta baya ta fita da sauri, gwiwoyinsa a lanƙwashe, kansa a sama, hankalina a kwance yake. Da na ga ya sunkuyo da kai yana miƙa jiki gaba don ya riga taɓa mutum, na san za a wuce shi kafin ma a wuce.

Kocinsu yana ba su takarda bayan kowane wasa, kowane yunƙuri da alamar an yi daidai ko ba a yi ba. Wani dare ba a kayar da mai jifansu ko sau ɗaya ba, muka dawo gida ina murna, sai takarda ta zo da maki mara kyau, wai an sha gabansa sau da dama, gajerun jifa ne suka rufa masa asiri. Wani daren kuma an kayar da mai jifa ta gefensa, ya shigo mota ko magana ba ya yi, amma koci ya ba shi daidai a wannan yunƙurin, domin mai jifan ne ya ja baya fiye da inda aka tsara, shi kuma takul yana kora mutum ne ya wuce ta bayan wani wuri da ya sani. Ba shi da ido a ƙeya. Tun daga nan na daina yi masa barka ko jaje sai takarda ta zo.

Mai Agogo

Hajiya, Allah ya raya Sadiq, kocin nan nasa ya san aikinsa. Abin da yake yi da biro shi manyan kamfanoni ke yi da kwamfuta. ESPN tana da ma'auni tun 2018: idan ɗan layi ya riƙe mutuminsa daƙiƙa biyu da rabi, ya ci, ko me ya faru bayan haka. PFF kuma mutane ne ke zama suna ba kowane ɗan wasa maki yunƙuri bayan yunƙuri. Sau da yawa ba sa jituwa da juna, don haka ni nakan ɗauki wayata in danna agogo daga sakin ƙwallo zuwa lokacin da mai jifa ya fara gudun ceton rai. Idan abin bai kai daƙiƙa biyu da rabi ba, na layi ne. Idan ya haura uku da rabi, sai in duba mai jifa da masu cafewa.

Wasan da ya sa na fara wannan shi ne Super Bowl na Fabrairun 2021, Buccaneers 31, Chiefs 9. Sau 3 kawai aka kayar da Mahomes, wanda ya ga lambar zai ce ai da sauƙi. Amma an matsa masa sau 29, kuma an auna cewa ya yi gudun yadi 497 a bayan layi yana neman inda zai tsaya. Takul ɗinsa biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. Chiefs da kansu ba su bi ta lambar 3 ba: a watannin da suka biyo baya suka sayo Thuney, suka karɓo Orlando Brown, suka zaɓi Creed Humphrey da Trey Smith, dukansu 'yan layi.

Ɗan Maradi

Malam Mai Agogo, ina da ja kaɗan. Agogo yana faɗa maka yaushe aka iso, ba ya faɗa maka ta ina. Ni a filin kokowa na tashi, kuma da na fara kallon wasan nan abin da na gane nan take shi ne wanda ya fi yin ƙasa, hannayensa suka shiga ƙirjin abokin karawa, shi ke da iko. Gad zai iya riƙe mutum daƙiƙa uku bai sake shi ba, amma ana ta tura shi baya har ya taka ƙafar mai jifa. A lissafi ƙila a ce ya ci, alhali mai jifa ba shi da wurin da zai taka ya yi jifa. Matsi daga gefe ana kauce masa da taku ɗaya gaba. Wanda ya fito ta tsakiya ba shi da magani. Ku tuna yadda Giants suka yi wa Tom Brady a Fabrairun 2008, sau 5 suka kai shi ƙasa, kuma Justin Tuck ta ciki ya fi yin ɓarna. Haka Aaron Donald, maharin ciki na Rams, ya rufe wasan Super Bowl a kan Joe Burrow, mai jifan Bengals, a 2022.

Kawu na Houston

Tunda an ambaci Giants, bari in ƙara ɗaya, domin ya shafi maharinsu na lokacin, Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a can. A ƙarshen Satumban 2007 ya kayar da Donovan McNabb, mai jifan Eagles, sau 6 a dare ɗaya, Giants gaba ɗaya suka yi 12. Takul na hagu na Eagles ba shi da lafiya, aka sa matashi Winston Justice a gurbinsa. Na kalli wasan nan raina a ɓace. Bayan kayarwa ta biyu, kowa ya ga yaron ba zai iya shi kaɗai ba, amma taimakon da aka ba shi bai kai ya kawo ba. Washegari sunan Justice ne a bakin kowa. Ni a wurina wanda ya ga haka ya ci gaba da barin sa gaba da gaba da Osi yana da babban kaso.

Kocin Yara

Kawu, wannan shi ne abin da nake fama da shi duk mako. Ina horar da 'yan shekara 13 zuwa 14 a Maryland, kuma na san zan iya sa layi mai rauni ya yi kama da mai kyau: gajerun jifa, ruɗin kamar za a miƙa wa mai gudu, barin mutum shida ko bakwai a baya su yi tsaro. Amma duk wanda na bari a baya na rage mai cafewa ɗaya, sai ka ga mai jifa yana da lokaci amma ba wanda zai jefa wa. Wannan ma kuɗin raunin layi ne ake biya, ko da ba a kayar da kowa ba.

Idan ina son sanin gaskiyar layina, sai in ware yunƙuri na uku (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma) da ya rage yadi bakwai ko fiye, inda kowa a fili ya san jifa za a yi, mutum biyar kawai ke tsaro. Su kaɗai nake kallo, daga kusurwar bayan raga. Ina kuma ƙirga laifuffuka tare da su, domin riƙe mutum yadi 10 ne, motsi kafin lokaci yadi 5, kuma takul da ke yawan motsawa da wuri yana faɗa maka cewa tsoron saurin na gabansa yake ji.

A kan Super Bowl na 2023 ma nakan yi taka-tsantsan. Eagles sun zo da kayarwa 70 a kakar, suka tashi ba ko ɗaya, Chiefs suka ci 38 da 35. Layin Chiefs ya yi aiki sosai, ba na musu. Sai dai ƙwallo tana fita da wuri, kuma ciyawar filin tana da santsi a daren, mahara suna ta zamewa idan sun zo karya kwana.

Tsohon Gad

Koci, ka ƙara mai gudu da ƙwallo a cikin waɗanda kake dubawa. A ƙungiyarmu akwai yaron da ya fi kowa gudu, amma a yunƙuri na uku ba a sa shi, domin idan lainbaka ya taho da gudu sai ya kauce ko ya faɗi ƙasa da wuri. Wanda ake sawa ba shi da sauri, sai dai yana tsayawa ya karɓi karo da ƙirji. Mu 'yan layi mun fi son jin shi a bayanmu.

Maman Sadiq

Malam Koci, tambaya ɗaya. Ana so a mayar da Sadiq gad a kaka mai zuwa, wai hannayensa ba su kai tsawon na takul ba, shi kuma yana ganin kamar rage masa daraja aka yi.

Kocin Yara

Hajiya, ki kwantar masa da hankali. A matakin ƙwararru ana son hannun takul ya kai wajen inci 33 zuwa sama, saboda a gefe wanda ya riga taɓa ɗan'uwansa shi ke da rinjaye, kuma da yawa daga cikin manyan gad na NFL takul suka buga a jami'a, Zack Martin, tsohon ɗan wasan Cowboys, yana cikinsu. A ciki komai ya fi sauri, mutum yana kan hancinka tun daga sakin ƙwallo, don haka ya fara aikin ƙarfin ƙugu da saurin hannu tun yanzu. Ya kuma nemi santa da takul ɗin da zai tsaya tsakaninsu su riƙa kallon faifai tare kafin a fara atisaye.