Bugun zuciya da firgici cikin dare tun da al'adata ta rikice

Tambaya daga wata malamar makaranta:

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Shekarata 48, kuma wata takwas ke nan da al'adata ta rikice, wani lokaci sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne, ina cikin barci sai in farka zuciyata na dukan uku-uku, gumi ya jiƙe ni sharkaf, yatsuna kamar ana tsira musu allura, numfashina kamar zai ɗauke, har in kama kalmar shahada don na tabbata ajali ne ya zo. Bayan kamar minti 15 sai abin ya lafa ya bar ni da kasala. Sau biyu maigida yana kai ni asibiti da tsakar dare, a auna jinina a ce bai hau ba, a sallame mu. Ciwon zuciya ne ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya, yayar maigida kuwa ta dage cewa shafar aljanu ce. Ina neman shawarar wadda ta san wannan hali.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya:

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ba ki lafiya. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 a jere babu jini, saboda haka ke kina cikin shekarun da ke gabanin hakan, lokacin da sinadarin jikin mace da ake kira estrojen yake hawa da sauka babu tsari. Wannan ne yake kawo zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da bugun zuciya, kuma firgicin da kika kwatanta, wanda yakan kai ƙololuwa cikin minti goma sannan ya sauka, sananne ne a wannan lokaci. Amma awon hawan jini kaɗai bai isa ba, musamman ga mai tarihi irin naki. Ki koma da rana, ki faɗa wa likita maganar mahaifinki, ki nemi a yi miki awon bugun zuciya da na'ura, wato ECG, a duba yawan jininki da sukari da kitsen jini, a kuma gwada aikin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod, domin ƙarancin jini da yawan aikin tayirod duka suna sa zuciya gudu. Idan kuwa kika ji nauyi ko matsi a ƙirji wanda ya miƙe zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko haki yana kama ki wajen tafiya ko hawa bene, ko kika suma, kada ki tsaya jiran ya lafa, a wuce asibiti nan take.

Amsa daga wata da ta wuce wannan mataki:

'Yar uwa, na shekara biyu a cikin abin nan, kuma ko da gwaje-gwajena suka fito lafiya lau ban daina taɓa jijiyar wuyana ina ƙirga bugu ba, wanda daga baya na gane shi kansa yana ƙara tayar mini da hankali. Goro da shayi mai kauri na fara bari bayan la'asar, sai farkawar ta ragu. Idan abin ya taso nakan zauna in shaƙi iska a hankali ta hanci, in fitar da ita a tsawon da ya fi na shaƙar, ina tasbihi, domin saurin numfashi ne yake jawo tsirar yatsun. Ban bar azkar da addu'a ba, ban kuma yi jayayya da masu maganar aljanu ba, na dai ci gaba da ganin likitana.

Amsa daga wani mai harhaɗa magunguna:

Hajiya, a gafarce ni da shiga zancen mata. Ina roƙonki kada ki karɓi maganin barci irin su diazepam a kemis ba da takardar likita ba, domin jiki yana saurin sabawa da shi, barinsa kuma wahala ce. Akwai maganin maye gurbin sinadarin da ya ragu, wanda yake rage zafin da gumin sosai, sai dai likitan mata ne zai duba ko ya dace da ke, tun da akan yi taka-tsantsan da shi ga wadda ta taɓa samun sankarar mama ko daskarewar jini. Akwai kuma zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, wanda yake aiki ƙwarai a kan firgici.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Anti, na rubuta gwaje-gwajen da kika lissafa a takarda, ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan je da ita. Goron ne dai nake jin zai ba ni wuya.