Don Allah a taya ni: me za mu kira parametrize na pytest (kayan aikin gwada manhajar da aka rubuta da Python) da Hausa?

Malamar Kwamfuta, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 9 ina da darasi, kuma yarana sun fi ɗauka da Hausa. Manhajar sakamakon jarrabawa muke ginawa. Akwai shugaba da malami da ɗalibi, kowa da abin da aka yarje masa cikin dubawa, ƙarawa, gyarawa da gogewa. Gwaji 12 ke nan. Sun kwafa sun manna sau 12, har wata ta manta ba ta canza layi ɗaya ba, gwaji ya wuce lafiya alhali ɗalibi na iya goge maki. Da parametrize gwaji ɗaya ake rubutawa, a jera masa layuka 12. Wane suna zan ba shi?

Ɗan Jega: Gwajin jadawali, Malama. Kowane layi ya ɗauki wane ne, me zai yi, da lambar amsar da ake jira daga manhajar, 200 (an yarda) ko 403 (an hana).

Baban Gusau: Jadawali Larabci na, ɗiyata. Ki ce gwajin tiya. Tiya guda, ki auna gero, ki auna dawa, ki auna masara.

Bakano a Aliero: Baba, sai dai mudu ko kwano. Tiya ba kowa ya sani ba, a bi Daidaitacciyar Hausa.

Baban Gusau: Wa ad daidaita ta? Ku kunka yanke, mu munka bi? Yaran ga na Kabi na, tiya sunka sani.

Bakano a Aliero: Ai izini ma Larabci ne, ba ku taɓa ƙorafi ba.

Ɗan Jega: Ku yi haƙuri, tiya yawa take aunawa, mu kuwa halas ko hani muke dubawa. Malama, ki ja kunnensu su rubuta amsar kowane layi da hannu. In suka ciro ta daga dokar da ake gwadawa, kuskuren zai gaskata kansa. Kuma ki ƙara layin wanda bai shiga da sunansa ba, shi 401 zai samu, tantancewa ce ta tsayar da shi tun kafin maganar izini.

Malamar Kwamfuta: Na gode. A allo zan rubuta gwajin jadawali, amma da tiya zan fara bayani, don nan take za su gane.

Baban Gusau: To, ki rubuta. Ni dai ban yarda ba, kuma ki hwaɗa musu tiya ta, ba mudu ba.