Cike bakin teku: riba ce ko asara?

Sani: Ni dai har yanzu ban ga laifin cike fadamar bakin teku ba. Tabo ne da sauro, ba ta nomuwa ba ta ginuwa. Ku dubi Holan. Sun datse teku da madatsar Afsluitdijk a 1932, suka yi ta busar da ƙasa, a 1986 ta zama lardi sukutum, Flevoland. Ga gonaki ga garuruwa. Ina asarar?

Binta: Malam Sani, wannan tabon da kake rainawa rumbu ne. Teku ya ciko ya rufe shi, ya janye ya bar ƙaguwa da tsutsotsi, ƙananan kifaye kuma a magudanansa suke girma. A Saemangeum ta Koriya ta Kudu an ja bango mai kilomita 33, aka rufe shi a 2006. Ruwa ya daina kai da komo, lakar ta bushe, masu tsintar abin sayarwa a cikinta suka rasa sana'a. Tsuntsayen da ke yada zango a nan tsakanin Saberiya da Ostareliya suka ragu ƙwarai.

Sani: Hajiya, tsuntsu ai fiffike gare shi. Sai ya yi gaba.

Binta: Gaba ina? Gaɓar Sin ma an cike da yawa.

Kabiru: Ku bar batun tsuntsu tukuna, ni ƙasar ce damuwata. Laka idan aka tsotse mata ruwa lotsawa take yi, shi ya sa famfunan Holan ba su da ranar hutu. Fadama kuwa duk cikowar ruwa tana samun sabuwar laka a kanta, tana tasowa da kanta, ciyayinta na karya ƙarfin igiya. Bango ba ya tsiro, sai an zuba kuɗi an ƙara masa tsayi. Kuma Malam Sani, Holan ɗin da kake kafa hujja da ita ta fasa bangon da ke tare ruwa a yankin Hedwige a 2022, ta mayar wa ruwa gonaki.

Sani: Wannan ai ɗan yanki ne, Injiniya, ba su mayar da Flevoland ba. To Singafo fa, da ba ta da inda za ta faɗaɗa sai teku? A ina za ta sa mutanenta?

Kabiru: A nan kam kana da gaskiya. Sai dai ka tambayi inda yashin da take cike tekun da shi ya fito, don Indunusiya ta hana fitar da nata a 2007.