Neman shawara: yaya zan faɗi burina da Ingilishi a gaban masu tallafin karatu?

Ɗalibi daga Garin Malam: Salamu alaikum malamaina da yayyena. Na gama lisans a Jami'ar André Salifou, kuma nan da sati uku zan zauna gaban wasu masu ba da tallafin karatu, hirar duka da Ingilishi. An ce sai sun tambaye ni burina a rayuwa. Na buɗe ƙamus na tarar da "goal", "aim", "purpose", "objective", "target" da "ambition", duka an fassara su buri ko manufa. Ni abin da nake so shi ne in zama injiniyan ruwa, don kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. Ga abin da na rubuta: "My purpose is to realise my project and eventually make my goal." Ku duba min.

Malamin Ingilishi a lise: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙamus ne ya zuba maka su a kwano ɗaya, amma kowace da tambayar da take amsawa.

"Purpose" tana amsa "don me?". Ita ce dalilin da ya sa ka kama hanyar tun farko, ba ta da ranar ƙarewa. Mutanen garinku su samu ruwa mai tsabta, wannan ita ce. "Goal" tana amsa "ina za ka?", wuri ne da idan ka isa za ka san ka isa: zama injiniyan ruwa. "Target" kuma tana zuwa da lamba ko rana, kamar rijiyar burtsatse 10 cikin shekara 2. "Objective" ta takarda ce da ofis, ita ake jerawa a rubutun neman aiki ko na bincike. "Aim" ta fi daɗi a matsayin aikatau: "I aim to study in Kano." "Ambition" babban buri ne na matsayi, ka faɗe ta sau ɗaya ta isa.

Kada ka haddace kalma ita kaɗai, ka riƙe ta da abokin tafiyarta. Ana cewa "set a goal" wajen ƙulla buri, "achieve a goal" ko "reach a goal" wajen cika shi, "meet a target", "pursue a career", "fulfil a dream". Taka "make my goal" ba a faɗa. Kuma ka kiyayi "on purpose", ma'anarta da gangan: wanda ya ce "I came here on purpose" alhali manufa yake nufi, ya ce ne da gayya ya zo.

Wata mai aikin fassara daga Birni: Malam ya gama da wannan. Ni abin da na hango a jimlarka, ƙanena, Faransanci ne sanye da rigar Ingilishi, kuma nan ne ƴan lakwal ɗinmu suka fi faɗuwa, don kalmomin sun yi kama a ido.

"Eventually" ba ita ce "éventuellement" ba. Ta Faransanci wataƙila ce, ta Ingilishi kuwa daga ƙarshe, abin da tabbas zai faru. In wataƙila kake nufi, ka ce "possibly". "Realise" aikinta na kullum shi ne ganewa, farga da abu; ana iya cewa "realise a dream", amma "achieve" ta fi maka aminci. "Projet" ɗinka na rayuwa "plan" ne ko "plans". In ka ce "my project" za su ɗauka wani aiki ne mai kasafin kuɗi, su ce ka kawo takardunsa.

Akwai wasu da za su fito a hirar ko ba ka so. Lisans ɗinka "bachelor's degree" ne, don "licence" a wurinsu lasisi ne irin na tuƙi. "Formation" ka ce "training", "stage" ka ce "internship". "Passer un examen" zama jarrabawa ne, wato "take an exam", amma "pass an exam" cin ta ne, kada ka yi shelar cin jarrabawar da sakamakonta bai fito ba. "Actually" kuma ba yanzu ba ce, yanzu "currently" ce. Takardar da ka sani da "lettre de motivation", a jami'a sunanta "personal statement" ko "statement of purpose".

Mai koyarwa a makarantar dare: Ga nahawu a gurguje. "My goal is to become", "I plan to", "I hope to": aikatau tsirara ke biyo su. Amma "dream of", "succeed in", "look forward to" sai da "-ing": "I dream of becoming an engineer." "Look forward to" ce ke kayar da mutane, saboda sun ga "to". Kuma sana'a sai da "a" ko "an", ba a cewa "become engineer".

Lafazi ya fi damuna. Bakin Bahaushe na mayar da p ta zama f. Riƙe ƴar takarda dab da leɓɓanka, ka rufe su gam, ka ce "purpose". In takardar ta yi tsalle, p ta fito. Nauyin kalmar a gaɓar farko yake, ƙarshenta gajere, kamar "pas". In ka ja ƙarshen ka koma "propose", wadda har neman aure take nufi. "Ch" ta "achieve" irin c ɗinmu ce ta cikin "ciki", ba sh ta Faransanci ba. G ta "target" irin ta "gida" ce. S ta "goals" a furta ta, kada a haɗiye.

Sati uku kwana 21 ne. Sayi kaye ƙarami, kalma 5 kullum na kwana 10, kowace da jimla ɗaya a kan rayuwarka. Ka maimaita ta washegari, bayan kwana 3, sannan bayan sati. Sauran kwanakin ka daina ƙara sabbi, ka riƙa ɗaukar muryarka a waya, amsa ta minti ɗaya, kana saurare. Kada ka haddace sakin layi guda: da sun juya tambayar, ko sun katse ka a tsakiya, zaren ya tsinke.

Ɗalibi daga Garin Malam: Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Ga gyara: "My purpose is to help my town get clean water. My long-term goal is to become a water engineer. I look forward to study in your programme."

Wata mai aikin fassara daga Birni: Biyun farko sun zauna daram. Ta ukun ka taka tarkon da malamin makarantar dare ya nuna maka yanzun nan: "studying". Ka ƙara jimla ɗaya ta "short-term goal", abin da za ka yi a shekarar farko, da lamba a ciki, don daga "long-term" can za su nufa. Turo mana muryar kafin Juma'a mu ji p ɗin.