Wace ganawar shugabanni zan fara koya wa ɗalibaina?

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Darasi biyu kacal gare ni kan yadda shugabannin ƙawance suka riƙa ganawa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yaran sun gaji da haddar shekaru. Ina tunanin taron Yalta na 1945. Me kuka gani?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye Yalta tukuna, fara da Mosko, Agustan 1942. Churchill, firaministan Birtaniya, ya biyo ta Alƙahira da Tehran don ya faɗa wa Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, baki da baki cewa bana ba za a buɗe fagen daga a Faransa ba, alhali Jamusawa sun doshi Stalingrad. Sai ya zana kada a takarda, ya ce a soke shi ta ciki inda fata ke da taushi, wato a fara da Arewacin Afirka. Washegari Stalin ya yi masa tatas, amma daren ƙarshe ya gayyace shi gidansa, suka yi ta hira har tsakar dare ta gota. Zana kadan nan a allo, ba yaron da zai manta.

Ɗan Damagaram: Baba ya yi gaskiya. Ni dai Kasablanka zan ƙara, Janairun 1943. Nemo hoton da de Gaulle da Giraud, janar-janar ɗin Faransa biyu da ba sa ga maciji, ke musabaha, Roosevelt shugaban Amurka da Churchill na zaune. Turo su aka yi, har sai da suka maimaita saboda masu ɗaukar hoto. Ki bar yara su karanta fuskokin da kansu.

Yayar Marayu: Malama, don Allah kada ki tsallake ganawar Mosko ta 9 ga Oktoba 1944. Churchill ya rubuta a 'yar takarda: Romaniya kashi 90 na Rasha, Girka kashi 90 na Birtaniya, Yugoslabiya raba daidai. Stalin ya sa fensir shuɗi ya yi alamar yarda. Wallahi abin na ci mini rai. Miliyoyin mutane aka kasa kamar tumatir, ba wanda ya tambaye su.

Tsohon Hedimasta: Haka ne Hajiya. In kuwa ana son abin da ya taɓo mu, ga ganawar Churchill da Roosevelt ta Agustan 1941 a gaɓar Newfoundland, wadda ta haifi Yarjejeniyar Atlantika. Sashe na uku ya ce kowace al'umma ta zaɓi gwamnatinta. Wata guda bai cika ba Churchill ya shaida wa majalisa cewa ƙasashen da Nazi ta mamaye ake nufi. A 1943 Azikiwe ya kafa hujja da ita a Landan, a tafiyar 'yan jaridar da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo yake ciki.

Malamar Tarihi: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zanen kada da 'yar takardar ranar Litinin, Atlantika ranar Laraba. Ƙanena na Damagaram, turo mini hoton nan in kana da shi.