Me ya kawo suga cikin ruwan gishirin gudawa?

Maman Biyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya autana ya kwana yana gudawa. Na aika kemis aka sayo ledar ORS, wato garin gishiri da suga na gudawa, ina cikin haɗawa surukata ta ɗanɗana, ta ce akwai zaƙi, kuma zaƙi ne ke sa wa yaro ɗankanoma, in jiƙa gishiri zalla in ba shi. Ban yi mata musu ba, amma tana shiga ɗaki na ba shi na ledar. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. To don Allah sugan na mene ne? Don yaro ya yarda ya sha ne kawai?

Malamin Bayoloji, Kawo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ba don daɗi ba ne, Maman Biyu. Bangon hanji jere yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace a lulluɓe da tantani mai maiƙo. Gishiri da suga ba sa ratsa maiƙon nan, sai ta ƙofofin furotin da ke dashe a jikinsa. Ɗaya daga ciki ana ce mata SGLT1, kuma halinta irin na mai Keke ne a bakin tashar Kawo: ba ya tashi sai ya cika. Fasinjojinta uku ne, sodiyam biyu daga gishiri, da gulukos ɗaya, wato suga. In sodiyam ya zo shi kaɗai, haka zai zauna. Da sun shiga, sai wani famfon furotin da ke ɗaya gefen ƙwayar halittar ya tura sodiyam wajen jini, ruwa kuma ya bi bayansu, don ruwa kullum inda gishiri ya taru yake nufa. Ruwan nan da ya bi shi ne muke nema.

Abin da ke burge ni, ko a kwalara, da gubarta ke sa hanji kwararar da ruwa, wannan ƙofa tana nan tana aiki. Wani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana tsarin a 1960. Ɗalibaina sukan yi hamma a wannan darasi, sai na ambaci gudawar ƙannensu suke farkawa.

Nas ɗin Dare, Barnawa:
Malam ya gama magana, amma kar a kayar da Hajiya gaba ɗaya. In suga ya wuce kima, ƙofofin ba za su iya kwashe shi ba, sai ya tsaya a hanji ya jawo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa muke faɗa da masu ba yaro lemon kwalba. Gishiri zalla kuma haɗari ne, musamman in an cika hannu.

Ledar ORS ɗaya a ruwa lita ɗaya, wato fiya wata biyu. In babu ledar ORS, a ruwa lita ɗaya: suga cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, a shafe ba mai tozo ba. Abin da ya kwana ya yini a zubar. Sun haɗa miki da maganin zinc a kemis ɗin? Kwana 10 zuwa 14 ake sha. In ido ya faɗa ko yaro ya kasa shan nono, asibiti kai tsaye.

Maman Biyu, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Anti, ba su ba ni zinc ba, zan aika yanzu. Malam, zancen Keke zan gwada wa Hajiya, amma sai babansu ya dawo, daga bakinsa ta fi ji.