Gansakuka ta mamaye mini rufi, ina mafita?

Maigida77: Salamu alaikum 'yan uwa. Rufin gidana irin na fale-falen kwalta ne. Ɓangaren da bishiya ta yi wa inuwa duk ya yi baƙin zane, gansakuka kuma ta yi tudu har tana ɗaga bakin falen. Jiya na sa yatsa na taɓa, jiƙe take sharkaf kamar soso. Abin yana damuna ƙwarai. In sa injin feshin ruwa mai ƙarfi?

Baban_Yara: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura, Malam! Ni na yi haka, ƙarfin ruwan ya kankare tsakuwar da ke kare falen, indararo ya cika da ita. Ka haɗa bilic da ruwa rabi da rabi, ka fesa, ka bari minti 15 zuwa 20, sannan ka ɗauraye a hankali daga sama zuwa ƙasa. Ka jiƙa shuke-shuken ƙasa tukuna, kuma kada ka haɗa bilic da amoniya.

Uwargida: In ba ka sassabe rassan nan rana ta shiga ba, gansakukar za ta dawo. Sa siririn jan ƙarfe ko tutiya a ƙarƙashin ƙololuwar rufin. Ruwan sama na wanko sinadarinsa, ya hana ta tsirowa.

Maigida77: Na gode, Allah ya saka. Gobe zan fara da rassan.